Kundin zaman Asabar: aikinmu da yaran da magana ta yi wa jinkiri a Maradi

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau muka buɗe zaman. Mu uku ne ke riƙe da shi: ni da na yi shekarun aikina a ɗakin awon yara kafin in yi ritaya, da wata malamar jardan, wato ajin yara ƙanana kafin firamare, da ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shi ke rubuta mana komai a kaye. Wurin zamanmu rumfa ce a tsakar gidan wata Hajiya a unguwar Zariya, ta ba mu ita kyauta kowace Asabar da hantsi. Uwaye shida suka zo da yaransu, daga mai shekara ɗaya da rabi zuwa mai shekara biyar. Ba zan sa sunan kowa a nan ba, yaro ko babba.

A wurin awo mun iya aikinmu. Tun yunwar 2005 Maradi ta san tamowa ciki da waje: a ɗora yaro a sikeli, a auna damtsensa da tsirin nan mai launi uku, in ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, kowa ya san abin yi. Tun 2006 kuma aka ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta. Yara da yawa da a da sai dai a yi ta'aziyya, yanzu suna rayuwa. Amma duk tsawon layin nan ba mai tambayar uwa ko ɗanta na waigowa in an kira shi, ko yana nuna mata abu da yatsa. Nauyi ya cika, allura ta cika, a cike karne, ta goya ta tafi. Sai ya kai shekara huɗu bai ce "Inna" ba sannan hankalin gida ya tashi, alhali shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar koyo sun fara shigewa.

Abin da muke kallo ba shi da yawa. Yaro ya kai wata 12 ba ya gwaranci, ba ya nuni, ba ya miƙa hannu a ɗauke shi. Ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya. Ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba. Ko kuma, wanda ya fi tayar mini da hankali, ya fara magana ta ɓace. Ta wajen jiki, binciken Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda nan muka fi sani da OMS, ya nuna kusan duk yaro mai lafiya yana zama shi kaɗai zuwa wata tara da ƴan kwanaki, yana tafiya kafin wata 18.

Mun gaya wa uwayen tun farko cewa ba mu ba da magani, ba mu karɓar ko dala, kuma ba mu ne za mu ce yaro kaza na da galahanga ba, wato lalurar da ake kira autism mai shafar magana da hulɗa da mutane, wannan hurumin likita ne. Namu shi ne mu fara taimakon tun yanzu, ko takarda ta fito ko ba ta fito ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun gwada tambayoyin M-CHAT, na neman alamun galahanga ga ƙananan yara. Guda 20 ne, amsarsu i ko a'a, wasu masana a Amurka suka tsara su don yara masu wata 16 zuwa 30. Maki 0 zuwa 2 ba wani abin damuwa, 3 zuwa 7 a sake zama da uwa a bi tambayoyin daki-daki, 8 zuwa sama a tura wurin likita ba tare da jira ba. Takardar ba ta yanke hukunci, tana ware wanda ya kamata a ƙara dubawa ne kawai.

Sai dai an yi ta ne don gidan da uwa da ɗanta ke wuni su biyu suna wasa. Gidajenmu ba haka suke ba, kuma wannan maganar ta cinye zaman yau kakaf. Akwai wata ƙaramar uwa daga Bagalam, ɗanta na fari ne, shekararsa biyu da wata uku. Na tambaye ta ko yana waigowa in ta kira sunansa. Ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Wadda ta rako ta ce ta amsa: "Haba Hajiya, ɗan hwari ne hwa, kuma sunan uban mijinta gare shi. Ita za ta kira shi?" Ba ta taɓa kiran sunan ba, ba ta kuma taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Kunya ce da muka gada, ni ma haka na yi da nawa na fari, kuma ba ta rage wa kowa son ɗansa ba. To wa ke kiransa? Kakarsa, ita kuma "Maigida" take ce masa. Muka sake tambayar ta koma haka: wa ya fi wuni da shi, da wane suna yake kiransa, in ya kira yana waigowa?

Sauran ma mun daidaita su da abin da ke gabanmu. Ƙarar da ke firgita yaro, mun tambayi injin niƙa da janareta da babur. Wasan kwaikwayo, mun tambayi ko tana goya ɗiyar tsumma, ko yana kara takalmi a kunne ya ce salula ce, ko suna tuƙa tuwon ƙasa.

Abu na biyu da ya fito shi ne yaye. Yawancin yaran nan an kai su gidan kaka tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Daidai lokacin ne alamun galahanga ke fitowa fili, daidai lokacin ne kuma wasu yaran ke rasa ƴan kalmomin da suka fara. Sai a ce fushin yaye ne, ko ya sha ciki ne, zai ware. A haka ake cinye shekara guda ana jira.

Mun roƙi kowace uwa ta zo mako mai zuwa da wanda yaron ya fi wuni a hannunsa, ko wane ne.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Dokarmu ta farko: duk yaron da bai magana, a fara da kunne.

Yarinya ƴar shekara uku daga Mokoyo, gidan sun riga sun yanke cewa iska ce. Na zauna ina kallonta kawai. Tana kallon idon mutum, tana nuna fanke da yatsa ta waigo ta ga ko uwarta ta gani, tana kwaikwayon yadda malamar jardan ke tafi. Ɗan ƙanwata ya zagaya bayanta ya buga cokali a tasa, ko gezau. Na tambayi uwar ko ta taɓa kwanciya asibiti. Ta ce sanƙarau ya kama ta tana wata goma. Sanƙarau na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe ji ga yaran da suka tashi daga gare shi, kuma mu muna tsakiyar yankinsa, daga hunturu zuwa bazara. Bugun tasa ba gwaji ba ne, na rubuta mata takarda zuwa wurin likitan kunne.

Ga kuma yaron Bagalam a tabarma ɗaya da ita. Kakarsa ta kira shi har muryarta ta dishe bai ɗago ba. Wata ta buɗe ledar biskit can bakin zaure, sai ga shi ya miƙe. Shi ma za a duba kunnensa, amma hanyarsa daban da tata.

Ina yawan maimaita wa uwayen cewa jinkiri ƙofofinsa da yawa. Zazzaɓin sauro da ya hau kai, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka ba, tamowa, ƙarancin jini, sikila, kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Wasu ana maganinsu yau ɗin nan. Shi ya sa ba na son a yi saurin laƙaba wa yaro suna, kowane iri ne.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun fara bin tsarin koyar da masu raino da OMS ta fitar a 2022, na yara masu shekara 2 zuwa 9 da ke da jinkiri ko naƙasa, har da galahanga. Zama tara ne na rukuni da ziyarar gida uku, kuma an tsara shi yadda wanda ba ƙwararren likita ba zai iya koyarwa. An gwada shi a ƙasashe da dama, ciki har da Habasha da Kenya. Ba mu sami horon hukuma a kansa ba, littattafan muke karantawa mu ɗauki abin da za mu iya yi da gaskiya. Gundarinsa shi ne a koyar da yaro cikin wasa da hidimar gida ta kullum.

Kakar yaron Bagalam ta zo. Shi ba abin da ya fi so kamar murafen kwalba. Ya kan jera su a bakin tabarma, jajaye gefe guda, in an taɓa ɗaya ya fasa ƙara. A gida ƙwace su ake yi a ɓoye, wai su ke hana shi kula mutane. Na ce, "Iya, ki sauko ƙasa ki zauna gabansa, fuskarki daidai tasa." Ta ce, "Ni da gwiwar ga tawa?" Amma ta zauna. Na ce kada ta karɓe masa komai, kada ta tambaye shi mene ne wannan, ta ɗauki murfi daga nata tulin ta ajiye a ƙarshen layinsa. Ta ajiye, ya ture hannunta. Ta dakata. Ta sake ajiyewa. Ya dubi murfin, ya juya shi ya kife kamar sauran, ya bar shi a layi. Sai na ce ta riƙe na gaba kusa da fuskarta ta yi shiru. Ya miƙo hannu, bai samu ba, ya ɗago ya kalle ta, ƙiftawar ido ɗaya. Ta ce "murfi", ta ba shi nan take. Tsohuwar ta juyo wurina ta ce, "Hajiya, ya dube ni." Uwar tana can gefe ta rufe baki da mayafi.

Darasin yau ke nan duka: a bi abin da yaro ke so, a zauna gabansa, a jira, in ya yi kowane yunƙuri na nema, kallo ne ko miƙa hannu ko sauti, a ba shi da sauri a faɗi sunan abin da kalma ɗaya. Jiran ne ya fi wuya. Mu mutane ne da ke nuna ƙauna da ba yaro abu tun bai nema ba. Yaron da ake ba ruwa kafin ya ji ƙishi, me zai sa ya wahalar da kansa ya ce "ruwa"? Na ce kowa ta ƙirga biyar a zuci kafin ta miƙa.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya rage mana mutane, mun mai da zaman da sassafe kuma mun gajarta shi. Ɗan ƙanwata na tura wa uwayen saƙon murya ta WhatsApp, minti biyu, aiki ɗaya a mako. Ragowar lokacin mun ba ziyarar gida.

Ziyarar ta nuna abin da rumfa ba ta nunawa. Gida ɗaya a Sabon Gari, uwar na suyar awara daga la'asar har bayan tarawi. Yaron mai shekara huɗu yana hannun yayarsa ƴar shekara tara, ita kuma dabararta ta samun sauƙi ita ce ta danƙa masa salula ya yi ta maimaita bidiyo ɗaya. Ban ga laifin yarinyar ba, ita ma yarinya ce. Salula ba ita ke kawo galahanga ba, amma tana cinye sa'o'in da ya kamata ya yi da fuskar mutum. Shawarar OMS ita ce yaro ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Mun koya wa yayar wasan cakulkuli mai tsayawa: ta yi masa, ta tsaya da hannu a sama, sai ya kalle ta ko ya ja hannunta sannan ta ci gaba. Ta kama shi fiye da manya, don ita ba ta jin kunyar yin wasa. Horar da uwa kaɗai awa biyu a mako, alhali wani ke wuni da yaron, ɗiban ruwa ne da rariya. Daga yanzu yayye da kakanni cikakkun ƴan zama ne, sunansu na cikin kaye.

Laraba, 2 ga Afrilu

Yau ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 don wayar da kai kan galahanga. Mun yi amfani da ita muka kira maza, tunda ana cikin hutun salla. Mai unguwa ya ba mu ƙofar gidansa bayan la'asar, liman ya zo, iyaye maza huɗu daga cikin namu suka zo. Ba na raina huɗun nan. A gidajenmu kuɗin adaidaita da izinin fita duk a hannunsu suke.

Tambayar farko ita ce wadda na san za ta zo: "Hajiya, ba allurar ga ta rigakafi ba ce?" Na ba su tarihin yadda yake. Wani likita ne a Ingila ya buga rahoto a 1998 kan yara 12 kacal, yana alaƙanta allurar ƙyanda da galahanga. Aka gano akwai maguɗi a ciki, mujallar ta janye rahoton a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita. Bayan haka an bi yara masu ɗimbin yawa, a Denmak kaɗai sama da 650,000, ba a ga wata alaƙa ba. Ƙyanda kuwa kowa a wurin ya san gidan da ta yi wa ɓarna. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne gado na da babban kaso a ciki, ta wajen uwa ko ta wajen uba, kuma ba rainon uwa ke kawo shi ba. Wannan na faɗe shi sau biyu ina kallonsu. A 2023 OMS ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari a duniya, kuma an fi gano shi ga maza, wajen ninki huɗu na mata.

Wani ya ce an tallata masa wani gari a WhatsApp, jikka talatin, wai wata ɗaya yaro zai buɗe baki. Na ce ya riƙe kuɗinsa ya sayo ƙwai da kifi. Babu ƙwaya ko gari da ke warkar da galahanga. Likita kan ba da magani don abin da ke tafiya tare da ita, kamar farfaɗiya, wannan daban.

Liman ya taimake mu ƙwarai. Ya ce addu'a ba ta hana neman magani, kuma yaron da ba a ɗora wa alƙalami ba ba a dukansa da sunan fitar da aljani. Ni ba na hana kowa tofi ko rubutu, ni ma ina yi wa jikokina addu'a. Abin da nake yaƙi da shi uku ne: duka, hayaƙi a ɗaki rufe, da ɗauri.

Asabar, 10 ga Mayu

Zafi ya kai inda ya kai, yaran ba su barci, uwayen sun fi su gajiya. Mako mai nauyi.

An kai ɗaya daga cikin yaranmu wurin wanzami aka yanke masa ƙarƙashin harshe, wai linzami ne ya riƙe maganar. Ya kwana uku ba ya cin komai, yanzu ko cokali ya gani sai ya rufe baki ya ruga. Yaron da ke iya tsotsa, yana lasar leɓe, yana fito da harshe waje, ba harshensa ne a ɗaure ba. Wanzamai mutanenmu ne, kuma da su za a gyara wannan, don haka na nemi mai unguwa ya haɗa ni da babbansu.

Sai batun ɗauri. Mun tarar da yaron Sabon Gari da igiya a ƙafa, an ɗaure ta a turken rumfa. Kafin in buɗe baki uwar ta fashe da kuka: "Mama, sau biyu ana tsinto shi bakin kwalta. In ba haka ba mi zan yi?" Tana da gaskiya a tsoronta. Yawancin yaran nan ba su san haɗari ba, kuma ruwa na jan su, ga rijiyoyi, ga gulbi da zai kawo nan da ƴan watanni. Faɗa ba zai kwance igiyar ba. Mijinta ya yarda aka kira mai walda ya sa sakata can sama a ƙofar gida inda hannun yaron ba ya kai, aka yi wa rijiya murfi, aka ɗinka lambar wayar uban a cikin wuyan rigunansa, aka zagaya maƙwabta da mai shago da ƴan kabu-kabun bakin layi aka ce duk wanda ya gan shi shi kaɗai ya riƙe shi. Wannan na ƙarshen ya fi yi wa gidan wuya, don sai sun faɗi abin da suka daɗe suna ɓoyewa. Igiyar ta fita.

Wata yarinya kuma ta faɗi tana jijjiga a gida, aka tura mata cokali a baki har haƙori ya karye. Mun tsayar da darasi muka koya wa kowa: a kwantar da yaro ta gefe, a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa komai a baki, kada a ɗura ruwa, in ya wuce minti biyar a ruga asibiti. Farfaɗiya ta fi yawa ga yara masu irin wannan lalura, ba a ɗaukarta ta yawu, kuma tana jin magani. An kai ta, an ɗora ta a kan ƙwaya.

Asabar, 14 ga Yuni

Mun dawo bayan layya da labarai biyu.

Yarinyar Mokoyo an tabbatar jinta ya ragu sosai a kunnuwan biyu. Gidan sun yi baƙin ciki, amma uwar ta ce aƙalla yanzu ta san da me take fama. Mun haɗa su da wani kurma magidanci a unguwarsu, tela ne, yana koya wa gidan maganar hannu. Cikin makonni kaɗan yarinyar ta ninka abin da take iya faɗi.

Wani gida kuma sun tattara kuɗi suka kai ɗansu Yamai, kusan kilomita 660, suka dawo da takardar da ta ce galahanga ce. Takardar ta ce a riƙa kai shi wurin mai koyar da magana duk mako. Uban ya miƙo mini ita ya ce, "To Hajiya, yanzu sai mi?" Na ce sai abin da muke yi tun Janairu. Takardar na da amfaninta, ta rufe bakin masu cewa sammu ne, za ta kuma yi aiki ranar neman lakwal. Amma da sun zauna jiranta da sun yi asarar wata biyar.

Mun fara katunan hoto. Ɗan ƙanwata ya ɗauki hoton kayan kowane gida da salula, kofin yaron na gaskiya, butarsu, kwanon furarsu, aka wanke aka lulluɓe da leda. Zanen littafi bai yi aiki ba, hoton abin da yaro ya sani ne ya yi. Yaro ya miƙa hoton, a ba shi abin, a faɗi sunansa. Wata kaka ta ji tsoron kada hoton ya sa ya ƙi magana gaba ɗaya. Abin da aka gani a bincike shi ne ba ya hanawa, sau da yawa ma yana jawo ta, kuma yana rage kukan da rashin iya faɗi ke kawowa.

Yaron Bagalam ya ce "ƙara". A wurin wanka ne, kakar na zuba masa ruwa da moɗa ta tsaya. Uwarsa ce ta ba mu labarin da bakinta, a gaban kowa.

Asabar, 9 ga Agusta

Damina ta raba mu. Waɗanda ke zuwa daga wajen Tibiri sun tafi gona, wasu Asabar ɗin ruwa ke hana zaman, kuma bayan ambaliyar bara ba mai son barin gida in hadari ya haɗu. Mun bi gida-gida mun tabbatar kowane yaro na karɓar maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata da ake rabawa ƴan wata 3 zuwa 59, yana kuma kwana a gidan sauro. Ba shi sauƙi ga yaron da ke ƙin duk abin da bai saba da ɗanɗanonsa ba. Duk da haka ɗaya ya kwanta, ya tashi ya manta rabin katunansa. Mun koma baya tare da shi.

Ƙin abinci na damun gidaje uku. Akwai wanda ba ya cin komai sai farar shinkafa da fanke. Na hana ɗura, don tana iya shaƙe yaro kuma tana ƙara masa tsoron abinci. A sa ɗan loma na sabon abu a gefen kwanonsa kullum, ko bai taɓa ba, a ci a gabansa. Muna auna damtsensu duk wata.

Ba duka ke tafiya ba. Babbanmu mai shekara biyar har yau ba kalma, ba ya karɓar katin, yana cizon hannunsa in an matsa. Abin da ya sauya shi ne yanzu yana zama a yi masa wanka ba kokawa, kuma an daina dukansa. Na rubuta wannan a kaye a matsayin ci gaba, don ci gaba ne. Ba na yi wa uwarsa alkawarin magana.

An saki ɗaya daga cikin uwayenmu. Dangin miji sun ce daga wajenta abin ya fito. Ta koma gidansu da yaron, tana zuwa zama har yanzu, ƙanenta ke kawo ta. A wani gidan kuwa kishiya ce ta zama ginshiƙi. Ita ba ta da kunyar ɗan fari a kansa, ita ke yi masa wasan ɓuya da zane, ita ta fi kowa riƙe darasi. Ranar da uwar ke da girki ita ke zuwa da shi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ana shirin komawa lakwal. Wata makaranta mai zaman kanta ta karɓi kuɗin rajistar yaron da aka kai Yamai, da suka gan shi suka mai da kuɗin, wai iyayen sauran yara za su kwashe ƴaƴansu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma karatu tare da sauran yara na ciki. Uban ya so ya yi rigima. Na ce haƙƙinsa ne, amma ajin da aka karɓi yaro dole ba a son shi, yaron ne zai sha wuyarsa.

Malamar jardan ɗinmu ta shawo kan shugaban makarantarsu ya karɓi biyu, shi da yaron Sabon Gari. Sharuɗɗan da muka tsara: awa ɗaya da safe a makonnin farko, wurin zama ɗaya da ba ya sauyawa nesa da ƙofa, hotunan jerin abin da za a yi a manne a bango, da wani babba daga gida da zai zauna a waje. Yayar nan ƴar shekara tara ba za a cire ta daga ajinta don ta yi gadinsa ba, wannan na kafe a kai, gwaggonsu ce za ta riƙa zuwa.

Na zauna da majo, wato shugaban ma'aikata, na wani asibitin unguwa kan a ƙara tambaya uku ranar da aka kawo yaro allurar ƙyanda ta biyu, tunda ita ce ke dawo da uwa a shekara ta biyu: yana waigowa in mai rainonsa ya kira shi, yana nuna abu da yatsa don a gani, akwai abin da ya iya da ya daina. Ya ce layin ya yi tsawo kuma ma'aikatansa biyu ne, amma ya yarda a gwada ranar Talata kaɗai, in ni zan zauna in yi tambayoyin. Zan zauna.

Sababbin gidaje biyar na jira, rumfar kuma ba ta ɗaukar fiye da waɗanda ke ciki. Kakar yaron Bagalam da kishiyar nan sun yarda su riƙe rukuni na biyu ranar Alhamis, ni ina gefe. Babban wanzamai ya ce in zo bayan an gama girbin hatsi. Har yanzu muna neman kuɗin na'urar ji ta yarinyar Mokoyo, kuma katunan hoto na gida huɗu ruwa ya lalata su, sai an sake wankowa kafin Asabar mai zuwa.